Bakin Diril a Hannun Maƙerin Zamani: Yadda Ake Gane Mai Inganci Wajen Huda Ƙarfe

Gabatarwa

Idan aka ambaci ƙira a fagen nazarin al'adun Hausawa, hankali yakan tafi ga maƙerin gargajiya da kayan aikinsa: uwar maƙera da masaɓa da awartaki da zugazugi. Sai dai mafi yawan aikin ƙarfe da ake yi a biranen ƙasar Hausa a yau yana hannun masu walda da masu ƙera injuna, irin waɗanda suka cika Panteka a Kaduna, ko waɗanda ke sayen ƙarfe a Ƙofar Ruwa a Kano. Su ke yin ƙofofi da tagogi da injin niƙa da amalanke da garmar shanu. A cikin kayan aikinsu akwai wani ɗan ƙarami da ba kasafai ake kula da shi ba, alhali kusan duk abin da za a ɗaure da noti sai ya bi ta kansa, wato bakin diril. Wannan maƙala ta dubi yadda ake gane jerin bakunan da suka dace da aikin ƙarfe, domin kuskuren zaɓe a nan yana jawo asarar kuɗi da ɓacin aikin mai kaya, wani lokaci ma har da rauni a ido ko a hannu.

Hausa tana da kalmar mahuji, wadda aka ƙira daga aikatau huda bisa tsarin sunayen kayan aiki, kamar yadda aka sami magirbi da maɗauri. Amma mahujin maƙeri da bakin diril ba aiki ɗaya suke yi ba. Maƙerin gargajiya sai ya gasa ƙarfe ya yi ja, sannan ya ɗora tsini ya buga. Naman ƙarfen yakan matsa gefe ne, ba ya fita. Shi kuwa bakin diril yanka yake yi a kan ƙarfe mai sanyi, yana fere shi yana fitar da ɓawo. Saboda haka a nan za a yi amfani da diril ga injin da ke juyawa, baki kuma ga sandar da ke yankan, kamar yadda masu sana'ar kan faɗa.

Ƙarfen da aka yi bakin da shi

Murɗaɗɗen bakin da aka sani a yau wani Ba'amurke ne, Stephen Morse, ya yi masa rajistar mallaka a 1863. Kwarmi biyun da suka nannaɗe jikinsa su ne hanyar da ɓawon ƙarfe ke bi ya fito, kuma ta nan mai ke gangarawa zuwa tsini. Matsalar bakunan farko ita ce zafi. Ƙarfe mai sinadarin kabon kaɗai yakan fara rasa taurinsa da zarar zafi ya kai kimanin digiri 200 a ma'aunin Salshiyas, kuma tsinin baki yana wuce wannan cikin ɗan lokaci idan ana huda ƙarfe. A 1868 Robert Mushet ya samar da ƙarfe mai haɗin tangistin a Ingila. Daga baya Frederick Taylor da Maunsel White, a masana'antar ƙarfe ta Bethlehem a Amurka, suka gano hanyar gasa irin wannan ƙarfe ta yadda zai ci gaba da yanka ko da ya yi zafi ƙwarai, aka kuma nuna shi a baje kolin Faris na 1900. Wannan shi ne asalin ƙarfen da ake buga wa hatimin HSS, wanda ke riƙe taurinsa har zuwa wajen digiri 600.

Abu na farko da mai saye zai duba ke nan: hatimin da ke gindin baki. Bakin da ba shi da HSS, yawanci na katako ne ko na roba, kuma ba zai jure ƙarfe ba. A cikin dangin HSS, wanda ya fi yawa shi ne mai lamba M2, wanda ke ɗauke da tangistin kimanin kashi 6 cikin ɗari da molibdinom kashi 5 da kuromiyom kashi 4 da banadiyom kashi 2. Wannan ya wadatar ga baƙin ƙarfen da ake yin ƙofa da taga da shi, da alminiyom da tagulla. Sama da shi akwai masu haɗin kobal: M35 mai kashi 5, da M42 mai kashi 8. Su ne na ƙarfen da ba ya tsatsa da sauran ƙarafa masu tauri. Sai dai taurin nasu yana tafe da gautsi. Bakin kobal siriri a diril na hannu, idan hannun ya ɗan karkace, karyewa yake yi nan take, inda M2 zai iya ɗan lanƙwasawa ya dawo. Bakin kabaid zalla ya fi su duka tauri, ya kuma fi su gautsi da tsada; wurinsa injin da ke kafe daram, ba rumfar walda ba. Kada kuma a rikita shi da bakin huda bango, wanda aka manna wa ɗan guntun kabaid a tsini: wancan farfasa siminti yake yi, ba shi da kaifin yanka ƙarfe.

Launi shi ne inda aka fi yaudarar mai saye. Bakin da ke ƙyalli kamar zinari yawanci shafe ne na sinadarin taitaniyom, wanda kaurinsa bai wuce 'yan ɓurɓushin milimita ba. Shafen yana rage gogayya, yana kuma ƙara wa baki kwana, amma fa idan ƙarfen da ke ƙarƙashinsa mai kyau ne. Ana iya shafa shi a kan ƙarfe maras daraja, kuma ana yi. Ban da haka, ranar da aka fara wasa bakin, shafen da ke tsini ya tafi ke nan. Kobal kuwa gauraye yake da naman ƙarfen, don haka ko sau nawa aka wasa, halinsa na nan. Ga mai sana'ar da ke wasa bakinsa har ya gajarce, kamar yadda akasarin masu walda ke yi, baki fari ko baƙi na HSS mai kyau ya fi mai ruwan zinari na araha nesa ba kusa ba. Baƙin launin shi ma shafe ne, mai hana tsatsa da riƙe mai.

Akwai kuma bambancin yadda aka fitar da kwarmin. Wanda aka buga wa HSS-R murɗa shi aka yi da zafi. Yana da araha da juriyar lanƙwasa, amma awonsa bai cika daidai ba. Wanda aka buga wa HSS-G wasa shi aka yi daga sandar ƙarfe, ya fi kaifi da daidaiton awo.

Tsini da awo

Kusurwar tsini iri biyu ce ta fi yawa a kasuwa. Mai digiri 118 shi ne na gama-gari, mai sauƙin wasawa da hannu. Aibinsa shi ne yawo a kan ƙarfe kafin ya kama, don haka dole a fara buga ɗan gurbi da tsini da guduma. Mai digiri 135, musamman wanda aka tsaga tsininsa, yana kamawa inda aka ɗora shi, kuma ba ya bukatar danni mai yawa. Shi ya fi dacewa da ƙarfe mai tauri da kuma bututu mai zagaye. Wasa shi da hannu kuwa sai gwani.

Dalilin wannan yana tsakiyar tsinin. Wurin da leɓɓan biyu suka haɗu ba ya yanka, murza ƙarfe kawai yake yi, kuma gwargwadon kaurin baki gwargwadon faɗin wannan wuri. Shi ya sa ake fara huda da ƙaramin baki kafin a sa babba. Ƙaramin ramin bai kamata ya wuce faɗin tsakiyar babban bakin da yawa ba. Idan ya yi faɗi, gefen leɓɓan babban bakin ne za su cije su ɓalle.

Game da jerin kansa, yawan bakuna a cikin akwati ba shi ne inganci ba. Jeri mai guda 19 yana farawa daga milimita 1 zuwa 10 da tazarar rabin milimita, mai guda 25 kuma ya kai milimita 13. Jerin awon inci mai guda 29 yana tashi daga 1/16 zuwa 1/2. Kafin a sayi mai guda 25, sai a duba mariƙin diril ɗin, domin wasu ba sa buɗewa fiye da milimita 10, sai dai a nemi bakin da aka rage masa gindi. Wani abin lura shi ne waɗannan jeri ba su ƙunshi wasu awon da ake bukata kullum ba. Mai yanka zaren noti a cikin rami yana bukatar milimita 3.3 ga zaren M4, da 4.2 ga M5, da 6.8 ga M8. Awon 5 na M6 da 8.5 na M10 kuwa ana samun su a jerin rabin milimita. Wanda ya huda da 7 a madadin 6.8 zai sami zare marar zurfi, wanda ya huda da 6.5 kuma yana iya karya abin yanka zaren a cikin rami, cire shi kuwa aiki ne ja. Hikima ita ce a sayi matsakaicin jeri mai kyau, sannan a ƙara da ƙananan bakuna na milimita 3 zuwa 5 da yawa, domin su ne ke karyewa, su ne kuma ake nema a kowace rana. Ga falankin ƙarfe marar kauri, baki mai hawa-hawa kamar matakala ya fi murɗaɗɗe, domin ba ya fizgar falankin, ramin kuma yana fita a zagaye.

Gwaji a gaban mai kaya

Hatimi abu ne da kowa zai iya bugawa, don haka ba a dogara da shi kaɗai. Akwai gwaje-gwajen da ba sa bukatar na'ura. Idan aka mirgina baki a kan gilashi ko wani shimfiɗaɗɗen wuri, miƙaƙƙe zai tafi sumul, karkatacce kuwa tsininsa zai riƙa ɗagawa yana sauka. Idan aka duba tsinin ta gaba, leɓɓan biyu dole su zama tsawo ɗaya da kusurwa ɗaya. Leɓe ɗaya ya fi tsawo, ramin zai fi awon bakin faɗi, kuma ɓawo zai riƙa fita ta kwarmi ɗaya kawai. Magagari ma yana ba da shaida: a jikin baki mai tauri zamewa yake yi, a kan maras tauri kuwa sai ya ci. A yi gwajin a wajen kwarmi, domin gindin da yawa daga cikin bakuna masu kyau da gangan ake barinsa da ɗan laushi don mariƙi ya kama shi.

Gwajin da ya fi kusa da ilmin maƙeran gargajiya shi ne na tartsatsi. Maƙeri ya saba karanta zafin ƙarfe daga launinsa a cikin wuta, kuma irin wannan ido ne ake bukata a gaban dutsen wasa. Ƙarfe mai kabon zalla yana fitar da tartsatsi mai haske, fari-fari, mai yawan fashewa kamar taurari. HSS kuwa tartsatsinsa ja ne mai duhu, kaɗan ne, ba ya yawan fashewa. Mai saye da yawa yana iya ɗaukar guda ɗaya ya gwada kafin ya biya kuɗin akwati.

Laifin baki da laifin hannu

Da yawa daga cikin bakunan da ake zargi da rashin inganci, gudu ne ya kashe su. Ƙa'idar ita ce, gwargwadon kaurin baki gwargwadon raguwar juyawa, domin gefen babban baki yana cin tazara mai yawa a kowane zagaye. A baƙin ƙarfe na yau da kullum, bakin HSS yana son gudun yanka na kimanin mita 25 a minti. Wannan yana nufin juyi kusan 2,600 a minti ga bakin milimita 3, amma kusan 800 kawai ga na milimita 10. Diril ɗin hannu da yawa suna kai juyi 2,500 ko fiye, don haka wanda ya sa babban baki ya danna har ƙarshe, ƙona shi zai yi komai tsadarsa. Diril mai sauya gudu wani ɓangare ne na ingancin bakin.

Ƙarfen da ba ya tsatsa yana da wani hali na daban: idan baki ya tsaya yana goga ba ya yanka, wurin sai ya ƙara tauri, har bakin ya kasa shiga gaba ɗaya. Maganinsa gudu kaɗan, ƙasa da rabin na baƙin ƙarfe, da danni mai ƙarfi wanda ba a sassautawa, da mai. Alminiyom yana son gudu, amma yakan liƙe a leɓe, kananzir kaɗan yana hana hakan. Ƙarfen zubi kuwa a bushe ake huda shi. Baƙin man mota da ake gani a rumfuna ya fi babu, ko da yake bai kai man yanka na ainihi ba.

Ɓawon da ke fitowa shi ne mai ba da labari. Idan yana fita a nannaɗe ta kwarmi biyu, aiki na tafiya daidai. Idan ya koma gari, ko aka ji ƙara mai tsini, baki ya dakushe, kuma ƙarin danni ba zai haifar da komai ba sai zafi da karaya. Lokacin da ya fi haɗari shi ne sa'ad da tsini ke gab da ɓullowa ta baya, domin a nan leɓɓan ke cije ragowar ƙarfen. Idan ba a ɗaure abin da ake hudawa ba, sai ya juya tare da bakin ya yanki hannu. Idan an riƙe diril da hannu ɗaya, sai ya murɗe wuyan hannun. Don haka ake rage danni a wannan gaɓa, a ɗaure aiki da maɗauri, a sa tabarau mai kare ido. Safar hannu da hannun riga mai faɗi, irin na babbar riga ko kaftani, ba su da wuri kusa da bakin da ke juyawa, domin injin tsaye ba ya sakin abin da ya kama sai an kashe shi.