Dogon Gini da Iskar Farkon Damina

Duk wanda ya san ƙasar Kunci ya san cewa damina ba ta shigowa da sallama. Kafin ɗigon farko ya sauka, iska ce ke yin gaba daga gabas, ta bi ta kan gonaki babu dutse babu tudu da zai tare ta, ta kwashe kwanon rufin aji ko na masallaci. Wannan fa a ginin da bai wuce tsayin mutum biyu ba. To, ina ga mai hawa ɗari?

Mahajjatanmu sun saba ɗaga kai su kalli hasumiyar agogon Makka mai tsayin mita 601, amma ba kowa ne ke tambayar abin da ya hana ta faɗuwa ba. Iska tana ƙara gudu ne gwargwadon nisanta da ƙasa, kuma idan gudunta ya ninka sau biyu, ƙarfin turinta yakan ninka sau huɗu. Turin ma ba shi ne babban tashin hankalin injiniyoyi ba. Idan iska ta ratsa dogon gini, takan riƙa murɗawa a bayansa, yanzu ta dama, an jima ta hagu, har ginin ya kama rangaji. In rangajin ya dace da bugun iskar, sai ya yi ta ƙaruwa.

Maganin da masana suka samo ya saɓa wa abin da mai karatu zai zata, domin ba ƙanƙarar da gini suke yi ba. Burj Khalifa na Dubai, mai mita 828, wanda aka buɗe a 2010, an gina shi yana tsukewa mataki-mataki, kowane sashe da nasa faɗin, don kada iskar ta samu kiɗa ɗaya da za ta bi. Su kuwa maginan Taipei 101 a Taiwan, ƙasar da ke fama da girgizar ƙasa da guguwar teku, wata ƙwallon ƙarfe mai nauyin tan 660 suka rataye a can saman ginin. Idan ginin ya karkata, ƙwallon takan yi jinkirin binsa, wannan jinkiri ne ke shanye ƙarfin jijjigar. A guguwar watan Agusta na 2015 ƙwallon ta yi lilo na kusan mita ɗaya, ginin kuwa ko gezau.

Harshenmu yana da soro, yana da bene, yana da hasumiya, kuma ina ganin ta ƙarshen ce ta fi dacewa da irin waɗannan gine-gine, domin maginanmu ba baƙi ba ne a wannan fage. Hasumiyar masallacin Agadas, mai mita 27, da laka aka yi ta a 1515, aka sake gina ta a 1844. Gindinta faffaɗa ne, tana sirancewa zuwa sama, ga sandunan itace da suka ratsa jikinta suna riƙe lakar, su ne kuma tsanin masu yaɓe. Gobarau ta Katsina ma, mai kimanin mita 15, haka take tsukewa. Dabarar siffa ɗaya ce da ta Dubai, ko da yake kayan aiki da lissafi sun bambanta ƙwarai.

Girgizar ƙasa ba ta cika damunmu ba, amma motsin da aka ji a Kwoi a 2016 da na Mpape a Abuja a 2018 ya isa ya sa a daina cewa ba ruwanmu. Sai dai abin takaici, gine-ginenmu ba sa jiran girgiza. Benen Ikoyi mai hawa 21 ya rushe ranar 1 ga Nuwamba, 2021, ya hallaka fiye da mutum 40, babu guguwa babu motsin ƙasa. Na titin Beirut a Kano, wanda ya rufta a Agustan 2022, hawa uku ne kacal. Yanzu da filaye suka yi tsada a Kano, masu hali na ta ɗora bene a kan bene, ya kamata hukuma ta nemi shaidar gwajin ƙasa da na kankare da kaurin rodi kafin a zuba dakin na farko, kuma ta dawo ta duba kafin na biyu.