Shokozoba ba ya ɗaukar kaya, ko nawa aka saye shi

Akwai wani saƙo da yake yawo a zaurukan WhatsApp na direbobi da kanikawa da masu jigilar hatsi. An jera shi kamar nasiha, amma ƙamshin talla yake yi. Yana cewa mai Hilux ko wata a-kori-kura ya cire shokozoban kamfani ya ɗaura mai iskar gas na kasuwa, wai motarsa za ta ɗauki ninkin kayan da ta saba ɗauka, ta rage shan mai, kuma ko ƙafa ɗaya aka canja ya wadatar. Wasu sun ɗora masa gargaɗi a ƙasa cewa mai gas ɗin yana fashewa idan rana ta yi zafi, sannan jabu ya cika kasuwa. Wanda ya tsara wannan saƙo, ko bai taɓa riƙe shokozoba a hannunsa ba, ko ya riƙe amma ciniki ya fi masa ran mutane. Masu turawa kuma, da yawansu sana'arsu ke nan, ya kamata su tsaya su karanta kafin su danna.

Ƙananan maganganun ba su buƙatar dogon turanci. Iskar da ke cikin shokozoba naitirojin ce, ba ta cin wuta, kuma zafin da shokozoba yake yi da kansa a kan gargada ya fi na ranar Afrilu a Sakkwato. Rage shan mai ba aikinsa ba ne, ba shi da alaƙa da inji. Canja ƙafa ɗaya kuskure ne, bibbiyu ake canjawa, na gaba tare, na baya tare, don kada gefe ɗaya ya riƙe ɗaya ya saki a kwana. Zancen jabu kuwa gaskiya ne, ana buga sunayen manyan kamfanoni a jikin kayan da ba su suka yi ba, kuma ana wanke tsoho a fesa masa fenti a sayar a matsayin ɗan Kwatano mai kyau. Wanda zai iya hallaka mutum shi ne na farkon, zancen ninka lodi.

Shokozoba ba shi yake tallafe nauyin mota ba. Sifirin ne yake tallafewa: a bayan Hilux jerin faifan ƙarfe ne da aka ɗaure wuri guda, a gaba kuma, tun ƙirar da ta fito a 2004, murɗaɗɗen sifirin ne da ya naɗe shokozoban. Duk mai shakka ya je gareji ya ɗauki sabon shokozoban baya, ya kafa shi a ƙasa ya ɗora ƙirjinsa a kai. Zai ga yana nutsewa a hankali har ƙarshe. Abin da ƙarfin mutum ɗaya yake dannewa, ta yaya zai riƙe buhu goma na masara? A cikinsa mai ne da fistin mai ƙananan ƙofofi. Idan taya ta faɗa rami sifirin ya lotsa, yana son ya yi ta tsalle sama da ƙasa. Man da ake tilasta wa ratsa waɗannan ƙofofi shi ne yake kashe tsallen, ya mayar da ƙarfinsa zafi. Shi ya sa idan ka taɓa shokozoba bayan doguwar tafiya a hanyar burji za ka ji ya ɗau zafi. Yana aiki ne kawai lokacin da mota take motsi sama ko ƙasa. Da ta tsaya cak da kaya a kanta, ba ya riƙe komai in ban da ɗan turin da gas yake yi, wanda bai kai nauyin buhu guda ba. Gas ɗin ma an sa shi ne don ya danne man kada ya yi kumfa idan ya yi zafi, domin mai mai kumfa ba ya riƙe fistin. Wani injiniya Bafaranshe, De Carbon, shi ya ƙirƙiro wannan dabara a 1953, kamfanin Bilstein na Jamus ya yaɗa ta, kuma tun daga lokacin ba a yi ta don ƙara lodi ba.

Direban da ya yarda da saƙon ba wawa ba ne, abin da jikinsa ya gaya masa ya bi. Motarsa ta daɗe tana tafiya da mataccen shokozoba, tana lilo bayan kowane rami, tana rangaji a kwana. Ran da aka sa sabo sai ta natsu, sitiyari ya riƙa jin magana, kaya su daina jijjiga. Sau da yawa ma bakanike yakan ƙara faifan sifirin ɗaya ko biyu a zama guda, bayan motar ya ɗaga, yabon kuma ya tafi ga abu mai sheƙi da aka biya da tsada. Ga matsin da ake ciki: tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kowane sawu daga ƙauye zuwa kasuwar Dawanau ya zama lissafi, kuma wanda aka ce masa sawu biyu za su koma ɗaya dole ya saurara. Sai dai natsuwar nan ita ce haɗarin. Lilon da mota take yi idan kaya sun fi ƙarfinta shi ne yake sa direba ya sassauta ƙafa. Shokozoba mai tauri yana ɓoye lilon, nauyin kuma yana nan daram.

Iyakar abin da mota za ta ɗauka a rubuce take, a littafinta da kuma ɗan allon da kamfani ya manna a jikinta. A yawancin Hilux abin bai wuce wajen tan ɗaya ba, kuma a cikinsa har da direba da yaran mota da fasinja da duk ƙarfen da aka ƙera aka ɗora a bodi. Da buhun masara mai kilo 100, goma ke nan ba su cika ba. Wannan adadi an fitar da shi ne daga ƙarfin taya da burki da boris da aksul da shasi, kuma babu ɗaya a cikinsu da sabon shokozoba yake taɓawa. A duba gefen taya. Idan an rubuta 265/65R17 sannan 112, ma'anar 112 ita ce taya ɗaya tana ɗaukar kilo 1,120 idan iskarta ta cika, biyun baya 2,240. Mai lamba 106 kilo 950 take ɗauka. A loda buhu 20 kamar yadda saƙon yake zuga mutane, tan biyu ke nan, kusan duka a kan ƙafafun baya, a haɗa da nauyin bayan motar kanta: an wuce ƙarfin tayoyin, aksul kuwa tun kafin nan aka wuce nasa. Taya mai nauyi fiye da ƙima tana lanƙwasa, tana ɗumama, ranar da za ta fashe kuma a kan gudu take fashewa. Burki shi ma haka. Motar da aka tsara ta tsaya da kimanin tan uku an mayar da ita huɗu, zafin da burki zai sha ya ƙaru da kashi ɗaya cikin uku a kowane taki, kuma a gangare irin na Hawan Kibo a jihar Filato taki ba ɗaya ba ne. Kayan da suka zarce bayan ƙafafun baya kuma suna ɗage gaban mota, tayoyin da ke juya ta su rage kama ƙasa.

Za a ce ai a Ostareliya ana ƙara wa Hilux lodi a hukumance. Haka ne, ana yi. Amma can ana canja sifirin da shokozoba tare, injiniya ya gwada burki ya sa hannu, a manna sabon allo, kuma ƙarin 'yan ɗaruruwan kilo ne, bai kusanci ninki ba. A can ɗin ma ana ganin hotunan motoci masu gida biyu da shasinsu ya karye a bayan gidan direba saboda an tallafe baya an jibga kaya. Za a kuma ce shekara da shekaru ana obalodi a hanyoyinmu ana isa lafiya. Ana isa, domin kamfani yakan bar rara a lissafinsa, kuma ƙarfe ba ya karyewa ran da aka fara cutar da shi, tsagewa yake yi kaɗan-kaɗan. Wannan rara ita ce ake ajiye wa ranar da saniya za ta faɗo titi ko rami ya ɓullo bayan kwana, mai obalodi kuwa ya riga ya cinye ta tun a tasha.

Duk da haka canja shokozoban kamfani da na kasuwa ba laifi ba ne, wani lokaci ma gyara ne na gaske. KYB na Japan da Monroe na Amurka da Bilstein suna ƙera wa kamfanonin mota kai tsaye, Old Man Emu na Ostareliya kuma an yi shi ne don hanyar daji. Mai kauri da yalwar mai yana jure zafi a doguwar gargada inda ƙarami yake gazawa, taya ta zauna a ƙasa, burki ya fi kamawa. Wanne ya fi dacewa, wannan ya danganta da hanyar da mota take bi da nauyin da ta saba ɗauka cikin ƙa'ida. Mai tauri sosai a motar da take yawo fanko wahala ce ga bayan direba. Abin lura shi ne tsawo. Idan ya yi gajere, shi zai riƙa tsayar da aksul idan taya ta sauka, kunnensa ya tsinke. Idan ya yi tsawo, zai daki ƙarshensa kafin robar da aka tanada ta tare dukan. Wanda kuma ya ɗaga bayan tsohuwar Hilux da ƙarin sifirin ya tuna akwai wani bawul da sanda ta haɗa shi da aksul na baya, yana auna yadda mota ta zauna don ya san yawan burkin da zai tura wa ƙafafun baya. Idan an ɗaga mota ba a daidaita sandar ba, bawul ɗin zai ɗauka babu kaya ko da an cika ta, ya rage burkin baya. A sa bakanike ya saita shi kafin motar ta bar gareji.