Sauyin yanayi da noma a yankin Moriki

Moriki gari ne a ƙaramar hukumar Zurmi, a arewacin Jihar Zamfara, Najeriya. Yankin, wanda ya haɗa da Kaura Namoda da Shinkafi, yana da damina ɗaya a shekara, daga wajen watan Yuni zuwa Satumba. Mafi yawan mazauna manoma ne da makiyaya, don haka duk wani sauyi a saukar ruwan sama yana shafar abincinsu kai tsaye.

Yadda sauyin ke bayyana

Fari ya addabi arewacin Najeriya a shekarun 1972 zuwa 1974, da kuma 1983 zuwa 1984. Matsalolin da manoma ke fuskanta sun haɗa da jinkirin faɗuwar damina, ɗaukewar ruwa bayan shuka, ambaliya a bakin koguna irin su Gagare, da raguwar ƙarfin ƙasa. Idan ruwa ya ɗauke bayan tsiro ya fito, sai a sake shuka, wato asarar iri da lokaci.

Binciken masana

Masu bincike kan zauna a ƙauyuka suna tattaunawa da magidanta, suna kwatanta bayanansu da alƙaluman ruwan sama. Littafin Michael Watts na 1983 ya yi nazarin yunwa a ƙasar Hausa, musamman Kaita ta Katsina. Na Michael Mortimore na 1989 ya duba yadda manoma da makiyaya suka jure wa fari. A 2001 Irene Hoffmann da abokan aikinta sun wallafa nazari kan yadda manoman Dajin Zamfara ke kiyaye ƙarfin ƙasa da takin dabbobi.

Dabarun manoma

Manoma na haɗa gero, dawa da wake a gona ɗaya, domin in wani ya ƙi, wani ya yi. Wasu na yin binne, wato shuka kafin ruwan farko. Akwai kuma amfani da iri mai saurin nuna, noman rani a fadama, kiwon awaki da tumaki, da tafiya ci-rani.

Ƙalubale

Zamfara na cikin jihohi 11 da shirin dashen itatuwa domin tare hamada ya shafa. Sai dai hare-haren 'yan bindiga sun hana manoma da yawa zuwa gonakinsu na nesa, sun kuma raunana tsohuwar al'adar kwantar da shanu a gona bayan girbi, wadda ke samar da taki.