Sadakar Arba'in a Arewa: Lada ake nema ko sanyin zuciya?

Tun da ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, tsadar abinci ta koya wa magidanta tsimi. A yankin Arewa na Nijar, daga Ɗan Kassari zuwa Matankari, Dogon Dutsi da Tibiri, mutum zai taƙaita biki, ya rage hidimar suna, ba wanda zai ce masa uffan. Amma da an yi rasuwa sai hannu ya saki: sadakar uku, ta bakwai, ta arba'in, shinkafa buhu-buhu, goro da rago, wani gidan har da sa. Ana cewa lada ake nema wa mamaci. Gaskiyar ita ce rabin kuɗin nan mai rai yake kashe wa kansa, don zuciyarsa ta yi sanyi.

Akan ɗora laifin a kan gasa da gudun gori, kuma akwai wannan. Sai dai babban dalilin yana tattare da cin rani. Arewa ƙasa ce da matasanta ke watsuwa Yamai, Legas, Kwatano da Abijan da zarar an gama girbi. Musulmi ba ya jinkirta jana'iza. Wanda ya rasu da safe, kafin la'asar an rufe shi. Ɗan da ke Abijan ta waya zai ji. Bai yi jinya ba, bai ɗauki makara ba, bai zuba ƙasa ba. Ga shi namiji, wanda al'ada ta hana wa kuka a bainar jama'a, kowa kuma "sai haƙuri" yake ce masa. Ƙofar da ta rage masa ita ce ofishin tura kuɗi na Nita ko Al Izza. Yana tura kuɗi yana jin nauyin ƙirjinsa na raguwa, ko da ranto su ya yi. Ƴan'uwan da ke gida su ma sai su buɗe rumbu, kada a ce na waje ya fi su son mahaifi.

Sakamakon ba ya bayyana sai bazara. Hatsin da ya kamata ya kai iyali bakin damina ya ƙare a tukwanen baƙi, sai a koma awo da tiya lokacin da farashi ya fi tsada. Mafi muni, sau da yawa daga dukiyar mamacin ake yankar dabbar tun ba a raba gado ba, alhali a ciki akwai haƙƙin marayu. Matar da ke takabar wata 4 da kwana 10 takan fito ta tarar da turke babu komai. Baƙin cikin kuwa yana nan inda aka bar shi, an ƙara masa bashi.

Masu kare al'adar suna cewa taron na raya zumunci, talaka na cin abinci, gidan makoki ba ya zama kufai. Haka ne. Amma lokacin da Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya yi shahada a yaƙin Mu'uta, Manzon Allah (SAW) umarni ya bayar a dafa wa iyalansa abinci. Mu mun juya lamarin, gidan da aka yi wa rashi shi ke ciyar da gari.

Gyaran yana hannun limamai da masu gari: kada a taɓa dukiyar mamaci kafin a biya bashinsa a raba gado, maƙwabta kuma su ɗauki girkin kwana uku. Ɗan cin ranin da ke son yi wa mahaifinsa alheri, ya sayi hatsin da zai riƙe ƙannensa har kaka.