Hawan jini: Gyaran da ke farawa daga tukunyar miya

Hawan jini cuta ce da ba kasafai take yin sallama ba. Mutum kan shafe shekaru yana harkokinsa ko ciwon kai bai ji ba, alhali cutar tana yi wa zuciyarsa da ƙodarsa illa, har ranar da zai yanke jiki ya faɗi da shanyewar ɓarin jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum biliyan 1 ne ke ɗauke da ita, kuma kusan rabinsu ba su sani ba. Ana tabbatar da cutar ne idan awon jini ya kai 140/90 ko fiye a ranaku biyu daban-daban.

Babban abin da ke hannun mai cutar shi ne gishiri. Sinadarin sodiyam da ke cikinsa yana sa jiki ya riƙe ruwa, yawan jini ya ƙaru, ya riƙa matsa wa jijiyoyi. Hukumar ta shawarci baligi da kada ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, a duk abin da ya ci daga safe zuwa dare.

Sai dai ba a wanda uwargida ke barbaɗawa kaɗai gishiri yake ba. Dunƙulen ɗanɗano cike yake da shi, haka ma yajin tsire, kilishi, kifin gwangwani da garin da ke cikin ledar taliyar yara. Miyar da aka jefa wa dunƙule uku sannan aka ƙara gishiri, sau biyu ke nan aka sa mata. Kanwa ma sodiyam ce. Tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka alaƙanta yawan shan kunun kanwa da ciwon zuciyar da ke kama mata masu jego.

Ba sai an ci abinci lami ba. Daddawa, albasa, tafarnuwa, citta da tattasai suna ba miya ɗanɗano. Idan aka rage gishiri sannu a hankali, cikin 'yan makonni harshe yakan saba. Wake, alayyahu, dankali da ayaba kuwa suna ɗauke da sinadarin fotasiyam, wanda ke taimaka wa ƙoda fitar da sodiyam, amma mai ciwon ƙoda ya tuntuɓi likita kafin ya yawaita cin su.

Zoɓo ma yana da nasa amfanin. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2010 ya nuna cewa shan kofi 3 a kullum na tsawon mako 6 ya rage lambar sama ta awon jini da kimanin maki 7. Zoɓon da aka cika wa sukari dai ƙiba zai ƙara.

Daga kicin sai motsa jiki. Tafiya da sauri ta minti 30, sau 5 a mako, ta cika minti 150 da masana ke buƙata. Mai ƙiba kuma, kowane kilo ɗaya da ya zubar yakan rage masa kimanin maki ɗaya. Barin taba da shisha da barasa, samun isasshen barci da guje wa shan magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac barkatai duk suna cikin gyaran.

Waɗannan matakai ba su maye gurbin magani. Wanda likita ya ɗora a kan ƙwaya kada ya daina don ya ji sauƙi ko don ya koma ga zoɓo, domin jinin kan sake hawa a ɓoye. Likita ne kaɗai zai rage maganin, bayan awo ya nuna sauyi. Shi kuwa awon, minti kaɗan yake ɗauka a asibitin unguwa ko kantin magani.