3.2 Fansa da Darajar Ɗan'adam a Aƙidar Kirista

A wannan sashe za a yi bayani a kan yadda mabiya addinin Kirista suka fahimci fansa, da kuma dangantakarta da darajar ɗan'adam a wurin Allah. An ɗauki ƙasar Haɗejiya a matsayin madubi, duk da cewa mafi yawan al'ummarta Musulmi ne. Kiristocin yankin 'yan tsiraru ne, kuma da yawa daga cikinsu aikin gwamnati ko fatauci ko layin dogon da ya tashi daga Kano ya ratsa Malam Madori zuwa Nguru ne ya kawo su. Sai dai waɗanda suke ibada da harshen Hausa a cikinsu, musamman 'yan ikilisiyar ECWA, da kalmomin Hausa suke bayyana aƙidarsu, kuma kalmar da ta fi kowace ɗaukar nauyi a nan ita ce fansa. Hasashen wannan sashe shi ne, ba za a gane abin da Kirista yake nufi da darajar mutum ba sai an fara gane abin da Bahaushe yake nufi da fansa, domin ma'anar Bahaushen aka ara, sa'annan aka juya ta.

3.2.1 Fansa a Bakin Mutanen Haɗejiya

Tun kafin zuwan 'yan mishan kalmar fansa tana da gindin zama a Hausa. Asalin ma'anarta shi ne a ba da wani abu domin a karɓo mutum ko kaya daga hannun wanda yake riƙe da shi. A nan ne ta sha bamban da ceto. Idan kogin Haɗejiya ya yi ambaliya, kamar yadda ya yi a shekarun 2018 da 2022, aka shiga kwale-kwale aka tsamo mutane daga ƙauyukan Auyo ko Guri, ceto aka yi, don kuwa ba a biya kogin komai ba. Amma idan manomi ya jinginar da fadamarsa a shekarar da ruwa ya cinye masa shinkafa, bayan wasu shekaru shi ko ɗansa ya kai kuɗin ya karɓo ta, sai a ce ya fanshi gonarsa. Ke nan fansa ba ta yiwuwa sai da abubuwa uku, wato abin da ya kufce wa mai shi, da wanda yake riƙe da shi, da kuma abin da aka biya.

Inda kalmar ta fi tasiri a tarihi shi ne sha'anin bauta. A tsakiyar ƙarni na 19, zamanin Sarkin Haɗejiya Buhari, wanda ya yi wa Sakkwato tawaye har zuwa rasuwarsa a 1863, an sha kai hare-hare ƙasashen Kano da Katagum da sauran maƙwabta, kuma an kama mutane da dama, ciki har da 'ya'ya waɗanda shari'a ba ta halatta bautar da su ba. A irin wannan hali dangin wanda aka kama sukan bi sawu su fanso shi. Haka kuma bawa yakan yi yarjejeniya da ubangijinsa ya riƙa biya da kaɗan-kaɗan har ya mallaki kansa, wato fansar kai. Wannan tsari bai ƙare da zuwan Turawa ba. Turawa sun ci Haɗejiya da yaƙi a 1906, amma dokarsu ta 'yantar da waɗanda aka haifa bayan ƙarshen watan Maris na 1901 ne kawai, sauran bayi kuwa da yawa ta kotun alƙali suka fanshi kansu, har zuwa 1936 da aka soke bauta baki ɗaya a Arewa.

Abin lura a nan shi ne, kuɗin fansa ba ɗaya ba ne ga kowa. Darajar mutum ita ce take yanke masa farashi. Ɗan sarauta ko malami ko attajiri ana tsawwala kuɗinsa, talaka kuwa a sassauta, tsoho ko mai naƙasa ma wani lokaci ba a samun mai neman sa. Da jin abin da aka biya za a san matsayin wanda aka fansa a idon mutanensa.

Akwai kuma wata ma'ana da ta cancanci a tsaya a kanta. Bahaushe na da ba ya cewa ya sayi Alƙur'ani, sai dai ya ce ya fanshe shi, saboda ganin cewa abin ya fi ƙarfin ciniki, ko da kuwa an miƙa kuɗi. Haka nan a wa'azin Babbar Salla akan ji malamai suna cewa Allah ya fanshi ɗan Annabi Ibrahim da rago. Wannan ya nuna cewa kalmar ta riga ta shiga fagen addini, kuma ta riga ta ɗauki ma'anar musanya rai da rai.

3.2.2 Shigar Kalmar Cikin Littafi Mai Tsarki

Wanda ya fara fassara wani sashe na Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa shi ne J. F. Schön, ɗan mishan na C.M.S., wanda aka buga fassararsa ta Bisharar Matiyu a 1857. Ɗaya daga cikin waɗanda ya koyi Hausa a bakinsu shi ne Ɗorugu, wani yaro daga ƙasar Damagaram da aka kama bauta aka kai Barno, Bature Adolf Overweg ya 'yantar da shi, sa'annan Heinrich Barth ya tafi da shi Ingila a 1855. Abin sha'awa ne a ce Hausar da aka fara rubuta aƙidar fansa da ita ta fito ne daga bakin wanda ya ɗanɗani bauta da kansa. Daga baya Likita Walter Miller na Zariya da abokan aikinsa suka kammala fassarar littafin gaba ɗaya, aka buga shi a 1932, sa'annan aka sake wata sabuwar fassara a 1979.

Masu fassarar ba su sha wahalar neman kalma ba. A Girkancin Sabon Alkawari kalmar lutron tana nufin kuɗin da ake biya a saki bawa ko fursuna. A Ibranancin Tsohon Alkawari kuwa akwai go'el, wato dangi na kusa wanda nauyi ya rataya a wuyansa ya karɓo gonar da ɗan'uwansa ya sayar saboda talauci, ko ya karɓo ɗan'uwan kansa idan ya faɗa bauta. An shimfiɗa wannan doka a Littafin Firistoci sura ta 25, kuma labarin Bo'aza a Littafin Rut misalinta ne. Manomin fadamar Haɗejiya da ya san jinginar gona ba ya buƙatar dogon sharhi kafin ya gane wannan.

3.2.3 Aƙidar Kanta

A ganin Kiristoci darajar mutum ta faro ne daga halitta, domin Littafin Farawa 1:26-27 ya nuna cewa Allah ya yi mutum, namiji da mace, a cikin kamanninsa. Sai dai tun daga saɓon Adamu mutum ya faɗa ƙarƙashin ikon zunubi da mutuwa, ya zama tamkar bawan da ba shi da abin da zai yi fansar kai da shi. Kyawawan ayyukansa ba su isa biya ba, don shi da ayyukan duk suna hannun wanda ya kama shi. Saboda haka dole fansa ta zo daga waje, kuma daga ɗan'uwa na kusa, kamar yadda dokar go'el ta tanada. Wannan shi ne dalilin da suke bayarwa na zuwan Yesu Almasihu a matsayin mutum. A Markus 10:45 an nuna cewa ransa ne ya bayar a madadin mutane masu yawa, a 1 Bitrus 1:18-19 kuma an kwatanta abin da aka biya da azurfa da zinariya, aka nuna cewa ya fi su. Mutuwarsa a kan gicciye ita ce biyan, tashinsa daga matattu kuma shi ne shaidar cewa an karɓa.

A nan ne aka juya ma'anar da Bahaushe ya sani. A fansar bayi, darajar mutum ita take yanke farashi. A aƙidar Kirista kuwa farashin ne yake bayyana darajar mutum, kuma farashin guda ne ga kowa. Idan abin da aka biya domin sarki shi ne aka biya domin masunci ko kuturu ko almajiri, to babu wanda zai ce ya fi wani tsada a wurin Allah. Bugu da ƙari, Romawa 5:8 ta nuna cewa an yi wannan biya ne tun mutane suna cikin zunubinsu, ba bayan sun gyaru ba. Wannan shi ne abin da suke kira alheri, wato kyautar da ba a cancance ta ba. Misalai uku da suke cikin Luka sura ta 15, na ɓatacciyar tunkiya da ɓataccen kuɗi da ɗan da ya bar gida, duk abu guda suke koyarwa, cewa abin da ya ɓata bai rasa ƙimarsa a wurin mai shi ba.

Idan aka kwatanta wannan da tunanin Bahaushe a kan mutunci za a ga bambanci. Kirk-Greene a nazarinsa na 1974 a kan mutumin kirki ya lissafa halaye irin su gaskiya da amana da kunya da haƙuri. Waɗannan halaye mutum ne yake gina su, jama'a su shaida, kuma yana iya zubar da su, shi ya sa ake cewa wane ya zubar da mutuncinsa. Darajar da ake magana a kanta a aƙidar fansa kuwa ba mutum ne ya gina ta ba, ba kuma jama'a ne suka ba shi ba, don haka ba su da ikon karɓe ta. A ra'ayin mai wannan bincike, wannan ne ya sa aƙidar ta fi samun karɓuwa a wurin waɗanda al'umma ta ajiye a gefe. Ba banza ba ne ƙofar da ƙungiyar S.I.M. ta samu ta shiga masarautun Arewa a shekarun 1930 ta kasance ta kula da kutare, a wurare irin su Yadakunya kusa da Kano da Babbar Ruga a Katsina da Amanawa a Sakkwato. Daga aikin wannan ƙungiya ne aka kafa ECWA a 1954.

Duk da haka tarihi bai bar maganar haka sumul ba. Ƙasashen Turai da suke riƙe da wannan aƙida su ne suka ɗauki ɗaruruwan shekaru suna jigilar bayi daga Afirka zuwa Amurka, suna yanka wa mutum farashi gwargwadon ƙarfin jikinsa. Waɗanda suka yaƙi cinikin a majalisar Ingila har aka haramta shi a 1807, irin su William Wilberforce, su ma da wannan aƙidar suka kafa hujja.

3.2.4 Wa Aka Biya?

Duk Bahaushen da ya ji kalmar fansa zai yi tambayar da ta dace da ita, wato wa aka miƙa wa abin fansar? Malaman Kirista ba su haɗu a kan amsa guda ba. Origen na Iskandariya, a ƙarni na 3, ya tafi a kan cewa Shaiɗan aka biya, tun da shi ne yake riƙe da mutane. Anselm na Canterbury ya ƙi wannan a ƙarshen ƙarni na 11, yana mai cewa Shaiɗan ɓarawo ne, ba shi da haƙƙin da za a biya shi, bashin na Allah ne wanda aka keta alfarmarsa. Masu gyaran ikilisiya na ƙarni na 16, irin su John Calvin, suka ƙara da cewa hukuncin da ya hau kan mai zunubi ne Almasihu ya ɗauka a madadinsa, kuma wannan fahimta ce ta fi rinjaye a ikilisiyoyin da suka fito daga S.I.M. Idan aka auna da ma'aunin Hausa, ra'ayin Origen ya fi kusa da fansar bawa, na Anselm da Calvin kuwa sun fi kusa da diyya, inda dangi suke ɗaukar biyan laifin da ɗayansu ya yi.

A wannan gaɓa ce kuma aƙidar ta rabu da ta Musulmin da Kiristocin Haɗejiya suke zaune a cikinsu. Musulunci ya tabbatar da karamcin da Allah ya yi wa 'ya'yan Adamu, kamar yadda ya zo a Suratul Isra'i aya ta 70, amma bai yarda cewa ana gadon zunubin Annabi Adamu ba, domin ya tuba kuma an karɓi tubansa. Ya kuma koyar da cewa wani ba ya ɗaukar nauyin laifin wani, sa'annan Suratun Nisa'i aya ta 157 ta kore batun gicciye Annabi Isa. Saboda haka Musulmi da Kirista suna iya amfani da kalmar fansa a kasuwa guda, har ma su yi tarayya a labarin ragon Annabi Ibrahim, amma Musulmi yana kallon ragon a matsayin rahamar da ta biyo bayan biyayya, Kirista kuwa yana kallon sa a matsayin ishara ga wata hadaya da za ta zo daga baya.

Akwai sauran matsala guda da ta shafi harshen kansa. A Hausar yau, musamman ta rediyo da jaridu, an fi jin kalmar a cikin ɗaukar fansa, wato ramuwar gayya, da kuma kuɗin fansa da ake biyan masu garkuwa da mutane. Yaron da ya tashi da waɗannan ma'anoni biyu, idan ya ji an ce Mai Fansa, zai iya kawo mai ramuwa ko mai ciniki da 'yan bindiga a ransa kafin ya kawo ɗan'uwan da ya karɓo gona. Wataƙila wannan yana daga cikin dalilan da suka sa a wa'azi da addu'o'in yau da kullum ake yawan jin Mai Ceto fiye da Mai Fansa, duk da cewa ceto, kamar yadda aka nuna a 3.2.1, ba ya ɗauke da ma'anar biya.