Yaran da aka haifa cikin inuwar HIV: an tsira da rai, saura harshe

Ranar da gwajin ƙarshe ya nuna cewa yaro bai ɗauki ƙwayar cutar HIV daga mahaifiyarsa ba, ranar farin ciki ce. Uwa ta yi hamdala, ma'aikaciyar jinya ta rufe fayil. Sai dai bincike na nuna cewa tsugune ba ta ƙare ba, domin da yawa daga cikin irin waɗannan yara kan taso da nauyin baki ko wahalar fahimtar magana.

A shekarar 2012, masana ƙarƙashin jagorancin Farfesa Mabel Rice ta Jami'ar Kansas da ke Amurka sun wallafa sakamakon nazari kan yara 468 masu shekara 7 zuwa 16, waɗanda aka haifa iyayensu mata na ɗauke da cutar. Kimanin kashi 35 cikin ɗari na da matsalar harshe. Abin da ya ja hankali shi ne, adadin ya yi kusan daidai tsakanin waɗanda suka kamu da waɗanda suka tsira. A cikin masu ɗauke da ƙwayar kuwa, matsalar ta fi yawa ga waɗanda cutar ta yi wa tsanani.

Ba a Amurka kaɗai abin ya tsaya ba. Wani nazari da aka yi a yankin Drakenstein na Afirka ta Kudu, aka wallafa a 2019, ya gano cewa yaran da suka tsira daga kamuwa sun fi takwarorinsu jinkirin fahimtar magana da furta ta a lokacin da suka cika shekara biyu.

Dalilan sun haɗu da juna. Ƙwayar na iya taɓa ƙwaƙwalwar jaririn da bai sami magani da wuri ba. Yawan ciwon kunne kan rage ji, kuma wanda bai ji daidai ba, ba zai faɗa daidai ba. Ga haihuwar bakwaini, ga rashin abinci mai gina jiki, ga uwa mai jinya da ba ta da ƙarfin yi wa ɗanta hira da tatsuniya.

Matsalar ba ta da ƙurji balle a gani. A aji, yaron da ya kasa bin umarnin malami sai a kira shi daƙiƙi ko mai taurin kai. Idan ya girma yana shan magani, bayanin likita kan ƙa'idar sha na iya wuce shi, alhali ransa ya dogara da wannan bayani.

Nan ne batun ya shafi Najeriya, wadda ke cikin ƙasashen da suka fi yawan jariran da ke kamuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce idan ba a ɗauki mataki ba, kashi 15 zuwa 45 cikin ɗari na jariran kan kamu, amma da magani adadin kan sauko ƙasa da kashi 5. Wato duk nasarar da Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya da hukumar NACA suka samu, yawan yaran da suka tsira ƙaruwa yake yi, kuma su ma suna buƙatar bibiya.

Gyaran bai fi ƙarfin hukuma ba. Ana iya sanya gwajin ji da 'yan tambayoyi kan magana cikin ziyarar rigakafi da awon nauyi, kuma a yi su da harshen da yaro ke ji a gida, domin auna ɗan Bahaushe ko ɗan Gbagyi da Turanci ba zai nuna gaskiyar baiwarsa ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma wannan aiki daga teburin masu tsara kasafi yake farawa.